Shawara nake nema: laftof mai babban sikirin da za ta ɗauki Revit da Lumion ba ta mutu ba

Akitek Ƙarami

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Dan Allah masana kwamfuta shawara nake nema kafin in fitar da kuɗi, domin kuɗin nan da ƙyar aka haɗa su kuma ban san ranar da zan sake tara irinsu ba.

Ni aikina zanen gine-gine ne, ina aiki a wani ƙaramin ofis a nan Kano sannan ina karɓar nawa na gefe da daddare. Manhajojin zane AutoCAD da Revit su ne abincina kullum, sai Lumion idan mai gini yana son ganin yadda gidansa zai fito kafin a ɗora bulo ɗaya, kuma kun san yanzu kowa haka yake so, ba wanda zai biya ka kuɗin zane ka miƙa masa layuka kawai, sai ya ga fenti da fitilu da mota a fake a tsakar gida tukuna hankalinsa ya kwanta. Laftof ɗin da nake da ita tun ta makaranta ce, inci 14, an rubuta Core i7 a jikinta, RAM 8GB. AutoCAD tana ja ba laifi, amma da na buɗe fayil ɗin Revit na bene mai hawa uku fanka za ta kama ihu, in juya ginin ya dinga tsalle-tsalle, Lumion kuwa ba a magana, rendan hoto ɗaya, wato fitar da hoton ginin kamar na gaske, sai in je masallaci isha'i in dawo in ci tuwo bai gama ba, wani lokacin ma in tarar ta kashe kanta, ƙasanta da zafi ba ya taɓuwa.

Sai matsalar ido. A inci 14 idan Revit ya ajiye akwatunansa na gefe abin da ya rage wa zanen bai fi tafin hannu biyu ba, kullum ina cikin zuƙowa da mayarwa, da dare ya yi idona har ruwa yake. Shi ya sa na ƙudurta wannan karon inci 17 zan saya ko sama da haka.

Abin da ke hannuna wajen miliyan ɗaya da rabi ne, in an matsa zan iya ƙara kaɗan. Ban damu da sabuwa ko ta hannu ba indai za ta yi min shekaru ba tare da na zama ɗan gidan mai gyara ba. Ina zuwa da ita sait, wato wajen gini, lokaci-lokaci a kan babur. A ofis akwai sola, a gida ƙaramar inbata ce da batir ɗaya. Na ga wasu HP da Dell masu inci 17 sababbi a kwali kuɗinsu bai kai nawa ba, i7 ne su ma, shin in ɗauki irinsu kawai in huta? Ko akwai abin da ban gane ba? Allah ya saka da alheri.

Ɗan Gem

Wa alaikumus salam. Abokina kar ka wahalar da kanka, laftof ɗin gem zaka nema kawai. Lumion girafik kad yake ci, wato ɓangaren da ke sarrafa hoto, ba ruwansa da sunan da aka manna a jikin kwamfuta. Ka nemi Lenovo Legion ko ASUS ROG Strix ko Acer Predator ko HP Omen mai girafik kad RTX 3070 ko 4060, duka biyun suna da memori 8GB nasu na kansu, ka sa RAM 32GB, shikenan an gama magana. Waɗancan sababbin masu inci 17 masu araha da ka gani yawancinsu babu girafik kad na daban a ciki kwata-kwata, na cikin furosesa ne kawai, wato abin da kake da shi yanzu zaka sake saya a cikin babban gida. Abu ɗaya da zaka lura, RTX 4060 ba ɗaya bane a kowace laftof, akwai wadda ake ba shi wat 35 ko 45 kacal saboda siririya ce, akwai wadda ake ba shi har 115, suna ɗaya amma gudu ba ɗaya ba. Ka tambayi wat ɗin kafin ka biya, idan mai shago bai sani ba ka buɗe NVIDIA Control Panel ka shiga System Information yana nan a rubuce.

Malam Mai Gyara

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ƙanena na ji daɗi da ka tambaya kafin ka saya, yawanci sai an saya abu ya lalace ake zuwa wajenmu, lokacin kuma shawara ba ta da amfani sai lissafin kuɗin gyara. Na daɗe ina buɗe cikin kwamfutoci a garin nan, to bari in gaya maka abin da nake gani a kan tebur.

Farko dai i7 ɗin nan da ke ruɗin mutane. Ka duba lambar furosesar taka, na tabbata harafin U ne a ƙarshe. Masu U an yi su ne don su ci wuta kaɗan, wajen wat 15, don batir ya daɗe wa mai Word da Excel da kallo. Masu H wajen wat 45 suke, masu HX 55 zuwa sama. To i7 mai U da i7 mai H sunan ne kawai ya haɗa su, ɗora wa mai U Lumion kamar ka loda wa a-daidaita-sahu yashin tifa ne. Waɗancan sababbi na kwali da ka gani kusan duk U ne, gangar jikin roba ce, fanka ɗaya 'yar ƙarama, wasu ma sikirin ɗin 1600x900 ne, ga faɗi amma abin da zai nuna maka bai kai na wata inci 14 mai 1920x1080 ba, kuma in ka ɗan karkata kai kala ta canza. Ba laifinsu bane, ba don aikinka aka yi su ba. Ka cire su daga lissafi.

Abin da aka ƙera don irin aikinka shi ne wanda ake kira wokisteshan. Masu inci 17.3 da ake samu a hannu gida uku ne. Dell Precision 7740 ta 2019, 7750 ta 2020, 7760 ta 2021. HP ZBook 17 G6, sai ZBook Fury 17 G7 da G8. Lenovo ThinkPad P73 da P17. Kamfanoni ne a Turai da Amurka suke sayen su da yawa wa injiniyoyinsu, bayan wasu shekaru su sauya, su ne suke gangarowa kasuwanninmu, Beirut Road da Farm Centre a nan, Banex a Abuja, Computer Village a Ikeja.

Dalilin da nake son su ba wai sun fi na gem gudu bane, ɗan uwa na sama ya faɗi gaskiya, RTX 4060 mai cikakkiyar wuta zai wuce Quadro RTX 3000 ko 4000 a renda. Dalilina shi ne ranar da abu ya samu matsala. Waɗannan in ka cire murfin ƙasa komai a fili yake. Ramin RAM guda huɗu, suna ɗauka har 128GB, yau ka sa 32 baɗi in kuɗi sun zo ka ƙara ba tare da ka zubar da na farko ba. Wajen SSD, wato ma'ajiyar fayil, biyu zuwa huɗu. Kibod ana cirewa a sauya shi kaɗai. Batir ana samu. Fanka biyu manya da bututun jan ƙarfe masu kauri. Ita ZBook Fury ma ko sukundireba ba ka buƙata, sakata ce zaka ja murfin ya fita, ga mai son share ƙura da kansa wannan ba ƙaramin abu bane. A jerin Precision 7740 zuwa 7760 girafik kad ɗin a kan nasa allon yake daban, ba a like yake da babban bod ba, idan ya mutu ana iya sauya shi, duk da cewa samunsa da wuya kuma da tsada, amma dai akwai hanya. A yawancin na gem idan girafik ya mutu bod ɗin gaba ɗaya ya tafi. Sannan kamfanonin ukun duk suna sa littafin kwancewa da ɗaurawa na waɗannan a intanet kyauta, har lambar kowane fat, ni da shi nake aiki.

Sai zafi, wanda shi ne babban mai kashe mana kaya a arewa. In ka karanta takardun yawancin laftof zaka ga digiri 35 suka rubuta a matsayin iyakar zafin ɗakin da za a yi aiki da ita. Mu kuwa a watan Afrilu muna haura 40, kuma a ɗaki mai rufin kwano ba fanka. Furosesa idan ta kusa digiri 100 da kanta take rage gudu don kar ta ƙone, shi ya sa zaka ga laftof mai kyau a takarda ta yi minti goma tana gudu sannan ta koma rarrafe. Siririyar laftof ba ta da wajen fitar da wannan zafin, ko nawa ka saye ta. Don haka kauri da nauyi a wajenka ba aibi bane, su kake nema. Ga kuma ƙurar hunturu, wallahi akwai wadda nake buɗewa in ga ƙura ta dunƙule a bakin fanka ta toshe hanyar iska ruf, mai ita yana cewa bairos ne ya kama ta. Duk wadda ka saya, ƙarshen hunturu a buɗe a hure ta, man nan da ake shafa wa furosesa a sauya shi in ya bushe, kar a ɗora ta a kan katifa ko darduma, a ɗan ɗaga bayanta iska ta shiga.

Wajen girafik kar ka yarda da Quadro T1000 ko T2000, 4GB ne, ga AutoCAD sun isa amma Lumion zai cinye su. Kar ka sauka ƙasa da RTX 3000 mai 6GB, in ka samu RTX 4000 ko A4000 mai 8GB ya fi, RTX 5000 ko A5000 16GB ne amma ina jin zai haura kuɗinka. RAM kuma 32GB, su Autodesk da kansu a sabbin Revit 16GB suke sawa a matsayin mafi ƙaranci. Kuma kar ka sayi wadda furosesarta ta gaza ƙarni na 8, Windows 11 ba ta karɓar na ƙasa da haka ta hanyar da ta dace, Windows 10 kuwa tun 14 ga Oktoban 2025 Microsoft suka daina tallafa mata.

Abu biyu ka sa a ranka. Nauyi kilo 3 ne zuwa 3 da rabi, caja kuma kusan kilo ɗaya, a kan babur zaka ji a kafaɗa, ka nemi jakar goyo mai soso wadda aka yi wa inci 17 don ba kowace take shiga ba. Sannan cajar wat 200 zuwa 240 ce. Ƙaramar inbatarka mai batir ɗaya in ka kunna renda da daddare ba za ta kai ka asuba ba, kuma a kan batirin laftof kaɗai ƙarfinta raguwa yake sosai, ko wacce ce a cikinsu. Manyan renda ka bar su sai ofis da rana lokacin da sola ke da ƙarfi.

Hajiyar Edita

Salam. Malam ya gama magana, Allah ya ƙara basira. Ni editin bidiyon biki nake yi da tallace-tallace, ina so in ƙara abu ɗaya a kan maganar sikirin tunda nan ne idonka yake ciwo.

Kar ka kafe a kan lambar 17. Inci 17.3 na da ɗin nan 16:9 ne, sababbin inci 16 kuma 16:10 ne, in ka sa tef ka auna daga sama zuwa ƙasa duka biyun wajen santimita 21 da rabi ne, tsayinsu ɗaya, a faɗi ne kawai 17 ɗin ta fi da ƙasa da santimita 4. Shi ya sa Lenovo suka haɗe P15 da P17 suka fito da P16 a 2022, HP ma suka koma Fury 16. To in ka samu 16 mai kyau kar ka ƙi ta don ba a rubuta 17 ba. Abin dubawa shi ne IPS ce ko a'a, wato irin sikirin da kala ba ta canzawa in ka karkata kai, haskenta ya kai nits 300 ko fiye a ma'aunin haske tunda kana zuwa sait cikin rana, ma'aunin kalarta kuma 100% sRGB, in ka ga an rubuta 45% NTSC ka gudu, zaka zaɓa wa mutum fenti ruwan madara a sikirin ɗinka ya buɗe a wayarsa ya ga wani abu daban, sai rigima. Kuma ka nemi wadda fuskarta ba ta sheƙi, mai sheƙin nan fuskarka kawai zaka dinga gani in akwai taga a bayanka.

Gaskiyar magana kuma, babu laftof ɗin da za ta raba ka da ciwon ido in kana awa takwas goma a gabanta. Ni abin da ya sauƙaƙa min shi ne manita inci 27 a kan tebur, in na dawo gida in jona, wuyana ma ya daina ciwo saboda na daina sunkuyo. Ko ta inci 24 ta hannu ka samu ta fi kowace 17 fili nesa ba kusa ba, kuma kuɗinta ba wani yawa bane. Ka ware mata wani abu daga cikin kuɗin nan tun yanzu.

Ni MacBook Pro inci 16 nake amfani da ita mai M1 Pro, ta 2021, abin da ya sa nake sonta shi ne ko an ɗauke wuta gudunta ba ya canzawa kuma batir yana kai ni nesa, fanka ma ba kasafai nake jin ta ba. Ga wanda wuta ke ba wa wahala ni ita nake fara ambata. Sai dai RAM ɗinta da ma'ajiyarta a like suke, yadda ka saya haka zaka zauna.

Malamin Taswira

Hajiya a yi haƙuri in shigo nan, ga aikinki MacBook daidai ce amma ga nasa ba za ta yi ba. Revit babu shi a macOS, Lumion ma babu, AutoCAD ne kawai yake da na Mac. Da can masu Intel ana sa musu Windows ta Boot Camp, tun da suka koma M1 wannan hanyar ta rufe, sai ta Parallels, manhajar da ke kunna Windows a cikin macOS, ita kuma ba abin da mutum zai jingina sana'arsa a kai bane idan ana maganar renda. Mu ma a ɓangarenmu haka ne, ArcGIS Pro da muke zana taswira da shi Windows kawai yake hawa, ɗalibai da yawa suna zuwa min da Mac ɗin da aka sayo musu da tsada ƙarshe sai sun ari ta abokai. Maganar manita kuwa ina bayanki ɗari bisa ɗari.

Akitek, ƙarin da zan yi shi ne ka kula da Precision mai inci 17 kala biyu ce. Akwai 5750 da 5760 da 5770, su ma inci 17 ne, kyawawa sirara, 'yan uwan XPS 17 ne. Cajarsu wat 130 ce ta USB-C, babu ramin USB babba, babu ramin HDMI, babu maɓallan lamba na gefen dama. Ga mai buga awo duk yini rashin maɓallan lambar nan kaɗai ya isa dalili. Mai shago zai ce maka ai duk Precision ce, kai jerin 7000 irin su 7750 kake nema. Kuma in ka haura zuwa 7770 ta 2022 ka tambaya wane irin RAM ne a ciki, a nan ne Dell suka kawo wani sabon samfuri da ake kira CAMM, ba irin sandar da ake samu a kowane shago bane.

Ɗan Maraɗi

Sallama ga kowa. Nan wajenmu da yawa daga Faransa suke zuwa, kuma na san wasu suna ƙetarawa har Kano da Katsina, to ɗan uwa ka dubi kilabiye, wato kibod, da kyau kafin ka biya. Na Faransa AZERTY ne, A tana wajen Q, Z tana wajen W, M ta koma gefen L, lambobin layin sama kuma sai ka danne Shift suke fitowa. Mu mun saba tun makaranta, amma kai da hannunka ya saba da QWERTY kana buga umarnin AutoCAD ba ka kallo zai dame ka. Ana canzawa cikin Windows ya koma na Ingilishi, sai dai abin da ke rubuce kan maɓalli daban abin da ke fita daban, wasu masu shago sitika suke mannawa a kai, in ka shafa da yatsa kana jin bakinta. Ba illa bace ga injin, amma dalili ne na rage kuɗi. Kuma maganar zafi da Malam ya yi haka take, nan ma in bazara ta yi ƙarfi da dare ko da sassafe muke sakin aiki mai nauyi.

Akitek Ƙarami

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Malam na duba, U ce kuwa a ƙarshen lambar kamar yadda ka ce. Hajiya maganar manita ta shige ni, zan ware mata. Malam na taswira na gode da batun 5000 da 7000, da ido zan bi in ɗauki siririyar.

Na zaga kasuwa yau na ga guda biyu da kuɗina zai kai har da ragowar manita. Ɗaya Precision 7750 ce, i7 ƙarni na 10 mai H, Quadro RTX 4000, RAM 32GB, SSD 1TB, jikinta da ɗan gogewa a kusurwa, cajar da aka haɗa mata wat 130 ce ya ce ai tana yi. Ɗayar Legion ce inci 16 mai Ryzen 7 da RTX 3070, RAM 16GB, tana sheƙi kamar sabuwa, ta ɗan fi tsada. Duka biyun garantin sati biyu suka ce. Malam dan Allah in na koma me zan gwada a gabansu, tunda ba zan iya buɗe cikinta a shagon mutane ba? Kuma maganar cajar nan gaskiya ne?

Malam Mai Gyara

Cajar nan kar ka karɓa. Wannan injin mai RTX 4000 wat 240 take so. Cajar Dell akwai wata 'yar allura a tsakiyar bakinta da take gaya wa kwamfuta ko wat nawa ce, in ta ga bai kai ba za ta yi maka gargaɗi tun wajen kunnawa sannan ta rage wa kanta gudu, wani lokacin ma batir ya dinga sauka alhali tana jone. Ka shiga BIOS, wato saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi, ta hanyar danna F2 zaka ga inda ta rubuta wat ɗin cajar da aka sa mata, in ta ce ba ta gane ta ba jabu ce ko allurar ta lalace. Ko ya kawo 240 ta asali ko ya cire kuɗinta.

Ka tafi da filas ɗinka da HWiNFO da Cinebench da FurMark da CrystalDiskInfo a ciki, duk kyauta ne, da kuma fayil ɗinka na Revit mafi nauyi. Ka ce masa zaka zauna rabin awa, mai gaskiya ba zai hana ka ba, wanda ya fara cewa sauri yake ko wai kar a ɗora wa kayansa nauyi ka yi masa sallama. Ka kunna Cinebench ka bar shi minti goma kana kallon zafi da gudun furosesa a HWiNFO, hawa 90 da wani abu ba abin tsoro bane a irin waɗannan, abin tsoro shi ne gudun ya faɗi ƙasa warwas ko ta mutu. Sannan FurMark shi ma minti goma, ka zuba ido ko zaka ga ɗigo-ɗigo masu kala ko layuka ko sikirin ya ɗauke ya dawo, in ka gani girafik ya fara tafiya, kuma akwai masu gasa bod da iska mai zafi ya farfaɗo na 'yan makonni, daidai tsawon garantin da aka ba ka. Ka sa hannu a bayanta ka ji iska na fita ta ɓangarorin biyu, ka kasa kunne ko fanka na ƙarar gurza.

Batir kuma ka buɗe Command Prompt ka rubuta powercfg /batteryreport, zai nuna maka ƙarfinsa na asali da abin da ya rage, in ya sauka ƙasa da kashi 70 cikin ɗari ka sa kuɗin sabo a ciniki. Ka dubi wajen tocfad daga gefe, in ya ɗan taso batir ne ya kumbura a ƙasa. CrystalDiskInfo zai gaya maka lafiyar SSD da awannin da ya yi yana aiki. Sikirin ka cika shi da fari zalla sannan baƙi zalla ka nemi tabo. Ka buɗe ka rufe murfin a hankali ka ji ko hinji na ƙara, a manyan laftof nan ne yake fara ciwo saboda nauyin sikirin. Ka danna kowane maɓalli, ka gwada kowane rami, musamman HDMI tunda manita zaka jona.

Sai abin da ba ya gyaruwa cikin sauƙi. Ka tabbata babu fasawod a BIOS, ka canza wani abu ka ajiye ka gani ko ta yarda. Ka duba ko an kunna Absolute, wanda a da ake kira Computrace, shi ne ke ba kamfani damar bin sawun kwamfuta da kulle ta daga nesa. Kuma tunda daga kamfanoni suke fitowa, wasu har yanzu suna cikin rajistar kamfanin, sai ka sake sa Windows ka jona intanet ta tsaya tana neman imel ɗin ma'aikacin wani kamfani a Amurka. Ka ce a goge a sa sabuwar Windows a gabanka da intanet a jone har ta shiga. Service Tag ɗin da ke ƙasanta, wato lambar shaidarta, ya zama ɗaya da na cikin BIOS, ka sa shi a shafin Dell zai nuna maka kayan da ta fito da su daga masana'anta. Rasit kuma a rubuta lambar a jiki da ranar da garanti zai ƙare.

Tsakanin biyun in duka sun ci gwaji, ni Precision zan ɗauka saboda babur da ƙura da samun fat. Amma Legion ɗin ma ba ta banza bace, tana cikin na gem ɗin da nake ganin sanyayarsu da kyau.

Ɗan Gem

Malam da girmamawa, a nan ni dai Legion zan ce. Shi fa kukansa renda ne, kuma 3070 a Legion wutarsa cikakkiya ce, zai bar RTX 4000 a baya, furosesar ma ta fi sabunta, RAM ɗin rami biyu ne ana ƙarawa zuwa 32 har 64. Abin da zan yarda da kai shi ne tarihin kaya, wadda ta fito daga ofishin kamfani ta fi samun kulawa a kan wadda wani ya kwana yana gem da ita ko ya haƙi kirifto da ita, kuma sheƙin jiki ba ya nuna wannan. To ya yi musu gwajin nan naka duka biyun, ya sa fayil ɗaya na Lumion a kowace ya duba agogo. Cajarta ita ma babba ce, wat 230 ko 300, ya tabbata ta asali ce.

Akitek Ƙarami

To madalla, na kwafe duk abin da kuka lissafa a takarda. Na yi magana da masu shagunan biyu, na Precision ya ce zai nemo caja 240 zuwa Asabar, na Legion ya yarda in zo da filas ɗina in zauna, kuma zai ƙara RAM zuwa 32 in mun daidaita. Zan sa musu fayil ɗin benen nan mai hawa uku duka biyun in ga wadda za ta gama ba ta rage gudu ba, in sha Allah zan dawo in gaya muku lambobin da na gani. Hajiya kafin nan, manita inci 27 ɗin nan 1920x1080 ta isa ko sai na nemi 2560x1440? Don na ga bambancin kuɗinsu da ɗan dama.